Goji Abinci Ne, Kada A Ajiye Maganin Asibiti Saboda Shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan kai da ma'aikatan wannan jarida kuna lafiya. Malam Edita, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani ɗan itace da ake kira goji, wanda tallarsa ta cika wayoyin mutanenmu a nan Legas, na kuma tabbata ta isa Kano da Kaduna da Jos. Ni mai kemis ne a Agege, na daɗe a wannan sana'a. Ba likita ba ne ni, amma wurina mutane kan fara tsayawa kafin su je asibiti, kuma ni suke gaya wa gaskiyar abin da suka sha bayan sun ɓoye wa likita. Abin da nake ji a bakin shagona game da goji ne ya hana ni yin shiru.

Ga wanda bai taɓa ganinsa ba, ƙanƙane ne, ja, ɗan dogo, in ya bushe sai ka ce zabibi ne aka rina. Yana da zaƙi da ɗan tsami, a ƙarshe kuma ɗan bauri a harshe. A manyan kantunan Ikeja da Lekki ana sayar da busasshensa a leda, wannan ba ni da faɗa da shi. Wanda ke shigowa unguwanninmu shi ne na kwalba, da na kafso, da ganyen shayi, da man shafawa da ake ce wa mata yana goge tamoji. Ta Facebook yake zuwa, da zaurukan WhatsApp na matan aure, da bakin mai talla a cikin danfo tsakanin Agege da Oshodi. Wani kuma sai a kira shi taro a otal ranar Asabar, a ce ya sayi katan ɗaya ya kawo mutum uku a ƙarƙashinsa, shi ke nan ya kama hanyar arziki. Abin da ake cewa yana warkarwa ba ya ƙidayuwa: ciwon suga, hawan jini, ciwon daji, rashin haihuwa, sanyin mata, ƙarfin maza, teɓa, dundumi. Kwalba ɗaya kuwa kuɗinta ya isa ya sayi maganin hawan jini na watanni.

Na zauna na bi asalin abin, domin mutum ba ya hana jama'a abin da shi kansa bai sani ba. Goji shuka ce ta ƙasar Sin. Ƙaramin itace ne mai ƙaya, yana jure fari da ƙasa mai gishiri, kuma danginsu ɗaya da tumatir da barkono da gauta da dankalin Turawa, wato kayan da 'yan'uwanmu ke saukewa kullum a Mile 12. Inda ya fi shahara shi ne yankin Ningxia da ke arewacin Sin, musamman gundumar Zhongning a gaɓar Rawayan Kogi, ana kuma noma shi da yawa a Gansu da Qinghai da Xinjiang. Da hannu ake tsinkarsa tun daga watan Yuni, saboda ɗanyensa ba ya jure wahala, sannan a shanya shi a rana ko a busar a inji.

Abin da ya taɓa zuciyata a nan shi ne su wa ke zaune a Ningxia. Yanki ne na ƙabilar Hui, Musulmi ne, sun kai kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen yankin, da masallatansu da limamansu. Suna da wani shayi da suke tarbar baƙo da shi, ana zuba masa goji da riɗi da sukari da wani jan ɗan itace da ke ɗan'uwan magaryarmu. Sauran mutanen Sin kuma sukan jefa 'yan ƙwayoyi a miyar kaza ko a fate ko a ruwan zafi. Likitocin gargajiyarsu sun daɗe da sanin sa. Wani masaninsu mai suna Li Shizhen, wanda ya kammala babban kundinsa na itatuwan magani a 1578, ya rubuta a kansa, kuma a al'adarsu ana ba da shi don ƙarfafa ido da hanta da ƙoda. Wannan tarihi ne na gaskiya, ba na raina shi. Amma waɗannan mutanen da suka fi kowa cin goji suna da asibitoci, suna fama da ciwon suga da hawan jini da ciwon daji kamar kowa, kuma ƙasar Sin tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu ciwon suga a duniya. Da goji na kashe ciwon suga, da a can za a fara gani.

Ƙaryar a hanya aka ɗora masa, kuma ba a Legas aka fara ba. A farkon shekarun 2000 wasu 'yan kasuwa a Amurka suka fara ɗura ruwansa a kwalba suna cewa daga tsaunukan Himalaya yake, wai wani sirri ne da mutanen can suka ɓoye wa duniya. Har yau kwalaben da ke yawo a Agege da hoton dutse mai ƙanƙara a jikinsu suke zuwa, alhali daga gonakin manoma gojin yake fitowa, ana ba su ruwa da taki ana yi musu feshi kamar kowace gona. Suka haɗa da labarin wani mutumin Sin mai suna Li Ching-Yuen, wai ya shekara 256 saboda cin goji. Mutumin ya rayu, ya rasu a 1933, amma babu wata takardar haihuwa da ta tabbatar da waɗannan shekaru, shi kansa ma an ruwaito cewa 197 ya ce. Wadda aka tabbatar da takardu cewa ta fi kowa daɗewa a zamaninmu wata Bafaranshiya ce, Jeanne Calment, ta rasu a 1997 tana da shekara 122. Da kunnena na ji mai talla a mota yana ba da labarin tsohon nan da Turancin buroka, fasinjoji suna kabbara suna zaro kuɗi.

Hukumomin ƙasashen can ba su bar 'yan kasuwar nan ba. A 2006 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta aika wa kamfanoni biyu masu sayar da ruwan goji takardar gargaɗi saboda suna tallarsa a matsayin magani ba tare da hujja ba. A Janairun 2007 gidan talabijin na CBC a Kanada ya bi diddigin wata magana da ake yaɗawa, cewa wani babban asibitin ciwon daji na New York ya tabbatar goji na hana yawancin ciwon dajin nono. 'Yan jaridar suka bincika, suka tarar ba a taɓa yin wannan bincike ba. A shekarar ce kuma dokar Tarayyar Turai ta fara aiki, wadda ta hana a rubuta wa abinci cewa yana inganta lafiya sai hukuma ta duba hujjar ta amince. Da aka matsa musu a can, maganganun ba su mutu ba. Sun tsallako ruwa, an juya su zuwa Hausa, ana karanta su a saƙon murya da sallama da salati a farko.

Ɗauki guda ɗaya daga ciki mu auna. Ana cewa goji ya fi lemon zaƙi bitamin C sau 500. Giram 100 na lemo yana da kusan miligiram 50. In ka ninka sau 500 ka sami giram 25, wato rubu'in nauyin ɗan itacen kenan zallar bitamin C, abin da babu wani ɗan itace a doron ƙasa da yake da shi. Alƙaluman ma'aikatar noma ta Amurka sun nuna giram 100 na busasshen goji na da miligiram 48, kusan daidai da lemon da muke saya a baro. Gwaba ta haura miligiram 200. Su waɗannan alƙaluman ne kuma suka nuna wani abin da masu talla ba sa faɗa: kusan rabin nauyin busasshen goji sukari ne, giram 45 cikin 100. Ka duba fa, Malam Edita, wannan ake ba mai ciwon suga a ce ya ci da yawa safe da yamma. Na kwalban kuwa galibi an gauraya shi da ruwan inabi ko na tuffa don ya yi daɗin sha, in ka juya bayan kwalbar za ka gani a rubuce da ƙananan baƙaƙe.

Adalci ne in faɗi abin da yake da shi. Yana da furotin da harza da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini, daidai gwargwado. Yana kuma da wani launi da ake kira ziyazantin, wanda ke taruwa a can bangon baya na cikin ƙwayar ido yana kare ta daga haske mai cutarwa, kuma goji na cikin abincin da suka fi yawan sa. A 2021 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka wallafa gwajin da suka yi da mutum 27 masu lafiya: waɗanda suka ci giram 28 sau biyar a mako na kwana 90, launin nan ya ƙaru a idonsu. Labari ne mai daɗi, ina fatan a faɗaɗa shi. Sai dai mutum 27 ne, wata uku ne, kuma abin da aka auna launi ne a ido, ba a nuna an hana kowa makancewa ba. Bai cire yanar ido ba, bai sauke hawan jinin ido ba. Tsohon da yana ta rufe wa ido aiki yake buƙata, kuma aikin ba ya ɗaukar lokaci. Irin wannan launi ana samunsa a masara rawaya da gwaiduwar ƙwai da ganyaye irin su alayyahu.

Sauran binciken da ake kafa hujja da shi, na ciwon daji da suga da tsufa, yawancinsa a kan ɓeraye aka yi, ko a kan ƙwayoyin halitta a cikin kwano a ɗakin gwaji. Na mutane ƙanana ne, gajeru ne, wasu ma kamfanin da ke sayar da ruwan ne ya biya kuɗinsu. Abin da ya yi aiki a kwano sau da yawa ba ya aiki a jikin mutum, shi ya sa magani kan shekara da shekaru ana gwada shi a kan dubban mutane kafin ya iso kantar kemis.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa ni wannan dogon rubutu. Akwai wani Alhaji, mai harkar shanu a Oko-Oba, ɗan shekara sittin da wani abu, mutum mai fara'a da kyauta. Asibiti suka ɗora shi a kan maganin hawan jini, shi kuma yakan biyo ta shagona bayan la'asar in ɗaura masa na'ura in auna, in rubuta masa a bayan katinsa. Jinin ya zauna lafiya. Sai na daina ganinsa. Da muka haɗu a masallacin Juma'a na tambaye shi, ya dafa kafaɗata ya ce, "Malam, na huta da ƙwayoyin nan. Yarana sun samo mini na Sin, na itace ne zalla, ba ya da illa." Na roƙe shi ya zo mu auna ko sau ɗaya, ya ce in sha Allahu. Hawan jini ba ya ciwo, shi ya sa mai shi yake ganin ya warke.

Wanda ya zo daga baya babban ɗansa ne, da wata baƙar leda a hannu. Ya ce Baba ya faɗi a banɗaki da asuba, ɓarin dama ya shanye, baki ya karkace. Ya zazzage ledar a kan kantata: kwalabe huɗu, uku babu komai, ɗaya saura rabi, ruwan ciki ja mai kauri ya daskare a wuyan kwalbar. Ga hoton dutsen ƙanƙara, ga tsoho mai farin gemu yana murmushi. Na juya ta ko'ina, babu lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasa, babu adireshin wanda ya shigo da ita, ranar lalacewa kuma an manna ta da wata 'yar takarda a kan wata. Yaron yana hawaye yana tambayata ko shi ya kashe mahaifinsa da rai, don da kuɗinsa ya saya, da niyyar kyautata wa Baba. Na ce masa niyyarsa tana wurin Allah. Ba ruwan kwalbar ne ya shanye jikin Alhaji ba, ajiye maganin ne, kuma wanda ya ce masa ya ajiye shi ne mai alhakin. Alhaji na nan da rai, alhamdu lillahi, ana kai shi gashi, amma hannun da yake ƙirga kuɗin shanu da shi bai dawo ba.

Akwai kuma waɗanda shi goji ɗin kansa ke iya cutarwa, ko da na gaskiya ne. Duk wanda likita ya ɗora a kan wafarin, maganin tsinka jini da ake ba waɗanda aka yi wa aikin zuciya ko masu gudan jini a jijiya, ya nisanci goji, ɗanye ko busasshe ko shayi. Tun 2001 mujallun likitoci ke kawo rahoton mutanen da jininsu ya tsinke fiye da kima bayan sun haɗa biyun, wasu har da haɓo da zubar jini, kuma a 2013 hukumar magunguna ta Jamus ta fitar da gargaɗi a kai. Mai talla a danfo ba zai tambaye ka wane magani kake sha ba. Mai ciki da mai shayarwa da mai shan maganin suga, su ma su tambayi likita kafin su mayar da shi abin sha kullum.

Maganar "zalla ne, babu kemikal" ita ma a yi hattara. A Satumban 2024 gidan talabijin na gwamnatin Sin da kansa ya fallasa wasu 'yan kasuwa a Qinghai da Gansu da ke jiƙa goji da sinadari ko su turara shi da farar wuta don ya yi ja sosai ya daɗe bai lalace ba, har hukumomin can suka shiga bincike. Ba duka manoma ke haka ba, amma wanda ya sayi kaya ba suna ba lamba daga hannun wanda bai sani ba, a waya, cinikin biri a sama ya yi.

Ko lambar NAFDAC ɗin ma mutanenmu ba su fahimce ta ba. Maganin gargajiya da na itatuwa galibi lambar da ake ba su tana ƙarewa da harafin L, kuma ma'anarta an duba ba a ga guba a ciki ba. Hukumar ba ta ce yana warkar da abin da aka rubuta ba, shi ya sa take tilasta a buga a jikin kwalin cewa ita ba ta tantance waɗannan iƙirari ba. Da Turanci ake rubutawa, da ƙananan baƙaƙe, a gefen da ba a dubawa. Mai talla sai ya ɗaga kwalin ya ce "gwamnati ta amince", mutane su ɗauka gwamnati ta ce yana maganin daji. Hukumar tana da rumbun Greenbook a intanet inda ake duba ko lamba ta gaskiya ce, amma mutum nawa ne a Agege ko Idi Araba ko Alaba Rago suka san da shi?

Wani zai ce to mu koma ga namu, kuka da zogale da zoɓo. Ina goyon bayan a ci su, suna da arha, suna da amfani, garin ƙwallon kuka ma ya fi goji bitamin C nesa ba kusa ba, tun 2008 Turai ta ba da izinin shigar da shi kasuwanninta. Amma ina jin tsoron mu ma kada mu yi wa zogale abin da aka yi wa goji, don na fara ganin kafso ɗinsa da jerin cututtuka arba'in a jiki. Zogale kwaɗo ne mai kyau. Mai hawan jini ya ci kwaɗonsa, ya rage gishiri da magi, ya sha maganinsa.

Ga 'yan'uwana da ke sana'ar sayar da goji, musamman matan aure da matasa da aka ja cikin harkar kawo mutum uku, na san da yawanku ba ku da mugun nufi. Zaman Legas da wuya, haya ta hau, kowa na neman na cefane. Wasunku ma an cuce ku, katan-katan na jibge a ƙarƙashin gado ba mai saya. Amma ku tuna Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya sa hannunsa cikin tsibin ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi me ya sa bai ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Hadisin na cikin Sahihu Muslim. In za ki sayar da goji, ki ce busasshen ɗan itace ne daga Sin, mai daɗi a shayi, ga kuɗinsa. Halal ne, ba mai hana ki. Ranar da kika tura saƙon murya kika ce wa mai ciwon suga ya bar allura, ba ki san a kunnen wa zai sauka ba, kuma ba za ki kasance a wurin ba ranar da za a kwashe shi zuwa asibiti.

Malam Edita, roƙona gare ku ke nan. Jaridu da gidajen rediyon Hausa su riƙa neman takardar amincewar NAFDAC kafin su karɓi tallar duk wani abu da aka ce yana warkarwa, domin doka ta ce a nemi izinin hukumar kafin a yi irin wannan talla, kuma mutanenmu suna ɗaukar abin da suka ji a rediyo kamar yankan wuƙa. Ku tura wakilinku ofishin hukumar a nan Legas ya tambaye su kayan goji nawa suka yi wa rajista, da wane irin lamba, ku buga amsar da Hausa. Ku kuma roƙe su su sa a riƙa rubuta gargaɗin nan na jikin kwali da Hausa da Yarbanci da Ibo, da manyan baƙaƙe. Ni a nawa ɓangaren na yi magana da limamin masallacinmu, ya yarda zai taɓo batun a wa'azin bayan magariba, kuma duk wanda ke Agege da ke son a auna masa jini ko a karanta masa abin da ke jikin kwalba, ya shigo kowane kemis mai rajista ya tambaya, yawancinmu ba za mu karɓi ko kwabo a kan karatun kwalba ba.

Wassalamu alaikum.

Naka,
Wani mai kemis,
Agege, Legas.